Yatsun Baba da Sabon Injin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan duk lafiya, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Wata huɗu ke nan aka kawo sabon inji kamfanin fentinsu, wani sandan ƙarfe da ake tsomawa cikin tanki. Wai da ƙara yake dama fentin, ƙarar da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Kai jama'a! Ranar da na kai masa abinci na leƙa: babu abin da ke juyawa, sai ɗan tsiii da kumfa ƙanana, amma tankin har zafi yake yi. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Ka san halin Baba. Shekara ashirin da shida yana tsoma yatsu biyu ya murza, ya san ko fenti ya yi. A da sai an kashe tsohon injin, don kowa na ganin fukafukansa suna juyawa. Da wannan kuwa, Baba yana ganin fentin a kwance, sai ya tsoma hannu injin na aiki. Yanzu yatsun nan ba sa iya ɓalle maɓallin riga, kofin shayi ya suɓuce masa sau biyu. Na tambayi manajansu, ya yi dariya wai tsufa ne. Tsufan da ya zaɓi yatsu biyu kacal? Kuma me ya sa washegari aka liƙa takardar gargaɗi a jikin tankin? Wallahi ban yarda da su ba, akwai abin da suke ɓoyewa.

Kai da ke aikin asibiti, don Allah ka bincika mana, ka kira Baba da kanka, ni ya ce surutu ya yi mini yawa. Tsoro nake ji, Yaya. Jiya 'yata ta riƙe yatsun nan tana ja, tana cewa Kaka ya taso, shi kuwa yana ta hirarsa, bai san an riƙe shi ba sai da ya duba.

Inna da Goggo da Kawu Dogo suna gaishe ka. A gaida Anti da yara.

Taka ƙanwa,
Auta