Kun Toshe Ƙofa ta Ashirin da Biyar, Amma Masararmu Ta Tsiro

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ke ba mu intanet a yankin Gwarzo da Kabo.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikata, da fama da jama'a. Allah ya taimaki Manaja.

Sunana Haladu, tsohon malamin kwamfuta, yanzu kuma sakataren ƙungiyar manoman masara a Mainika. Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda abin da ya same ni zai iya samun wani. Ba kuka na zo yi ba, wannan na riga na gama shi. Labari zan ba ka, sannan in roƙi abu uku.

Na ɗaya. Sakataren da na gada, Allah ya ji ƙansa, ya rasu da lambar sirrin imel ɗin ƙungiya a kansa, wasiƙunmu na shekaru suka bi shi. Shi ya sa na gyara wata tsohuwar kwamfuta, na haɗa ta da sola a zaurena, na mayar da ita gidan wayarmu. Ita ke karɓar wasiƙa, ita ke aikawa, da adireshi mai ɗauke da sunan ƙungiya. Shugabanmu, Baba Alhaji Isiya, bai so ba. Ya ce shi a tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin an damƙa wa akwatin ƙarfe amanar mutane ba. Na yi ta lallashi har ya ƙyale ni, amma ya ce in abu ya lalace, ni zan tsaya gaban jama'a in yi bayani.

Na biyu. Da damina ta matso, kamfanin da ke ba mu ingantaccen iri ya rubuto cewa mu aika sunayen manomanmu, kuma daga adireshin ƙungiya kaɗai za su karɓa, in ba haka ba a ba wasu kasonmu. Na tura. Shiru. Nasu saƙon yana shigowa, nawa ba ya fita. Tunatarwa ta zo, wata ta biyo ta, ina karantawa da idona amma ba ni da bakin amsawa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga mutane sun gama sharar gona. Wallahi na ji tsoro, na kuma ji kunya. Har canza hanyar masallaci na yi don kada in yi kiciɓis da Baba. Na kwance na'urar na ɗaura, ina zargin kaina, kafin na gano saƙona a bakin wata ƙofa yake tsayawa, mai lamba ashirin da biyar, wadda wasiƙa ke bi daga gidan waya zuwa gidan waya. Masu sana'ar suna kiran irin wannan ƙofa fot.

Na uku, kuma nan ne abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori. Na buga wa ofishinku na ce ina son magana a kan fot ashirin da biyar. Matar da ta ɗauka ta hau ba ni haƙuri, wai don Allah kada in bar kamfani, me aka yi mini. Ashe ita fot ɗin da ta sani shi ne mutum ya ɗauke lambarsa ya koma wani kamfani. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, a banza. Ta ce ta ƙara mini data kyauta. Haba Manaja! Wanda aka kulle a ɗaki, me zai yi da sabon takalmi? Na je ofishinku na Gwarzo da ƙafata, sai ma'aikacin ya rubuta a takarda cewa sakataren wata ƙungiya zai ɗauke layi ashirin da biyar a rana ɗaya. To fa! Ni da na yi kwanaki ba mai kula ni, kafin la'asar babban jami'i ya kira ni yana ce mini ranka ya daɗe. Na ce ba inda zan je, a haɗa ni da injiniya kawai. Injiniyan, Allah ya saka masa, a minti biyu ya faɗa mini gaskiya: da gangan kuka toshe ƙofar saboda masu watsa saƙonnin damfara, kuma shi ba shi da ikon buɗewa.

Dalilinku na fahimce shi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne sai da kuka zaci zan tafi da layi ashirin da biyar sannan na zama mutum a wurinku.

Na huɗu. Washegari na hau babur zuwa Kabo wurin Malama Safiya, abokiyar aikina ta da, wadda yanzu take da shagon kwamfuta. Ta saurare ni, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malam Haladu, kai da ka koyar da wasu, yau ƙofa ɗaya ta gagare ka?" Tana da na'urar aika wasiƙa irin tawa, wadda take haya a wani wuri da ba a toshe komai ba. Ta ba ni izini na'urata ta riƙa miƙa mata wasiƙa ta ƙofa mai lamba ɗari biyar da tamanin da bakwai, wadda kuka bari a buɗe, tata kuma ta isar da ita da sunan ƙungiyarmu. Na dawo gida na saita, na danna. Ban gama shan ruwa ba sai ga amsar kamfanin iri: sun karɓa, sunayenmu sun shiga. Na yi kabbara da ƙarfi har uwargida ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Iri ya iso, mun raba, ba wanda ya rasa. An yi ruwan shuka, yanzu masara ta kai gwiwa. Baba Alhaji Isiya ya zo zaurena da kansa, ya daɗe yana kallon na'urar, sannan ya ce a samo mata ƙyalle a riƙa rufe ta saboda ƙura. A wurin Baba, wannan ya fi lambar yabo.

Ga roƙona. Na farko, ku rubuta ƙarara a takardar da kuke ba mai sayen layi cewa kun toshe wannan ƙofa. Na biyu, ku zaunar da masu ɗaukar waya ku koya musu cewa fot iri biyu ne. Na uku, wanda ya zo da shaidar ko shi wane ne da dalilinsa, ku buɗe masa, domin ba kowa ke da Malama Safiya ba.

Allah ya ƙara wa Manaja lafiya da basira, ya yi riƙo da hannunka, ya sa ka gama aiki lafiya. Wannan wasiƙar da kake karantawa daga zaurena ta fito, ta bi ta kan layinku, ta sauka a akwatin ofishinka. In ka amsa zan gani, kuma a wannan karon ina da bakin mayar maka.

Wassalam.

Naka,
Haladu, sakataren manoman masara, Mainika.