Idon da Ya Rage Mini

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau na mayar wa kamfani makullin bas. Manaja ya ce in je in huta, kujerata tana nan tana jirana. Ni da shi mun san faɗa kawai ya yi. Idon dama ya tafi ban sani ba, sai ranar da na goge wata mota da ban ma ga tana gefena ba. Hawan jinin ido, in ji asibiti. Ba ya ciwo, ba ya ja, cin gani kawai yake daga gefe-gefe. Na hagun ma ya fara.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Likitar idon ba za ta girmi babban ɗana ba, Baba ma take ce mini. Ta ce suna wani bincike. Rabin mutane za a ƙara musu maganin ɗigawa mai ƙarfi, rabi kuma a yi musu sabuwar tiyata, a sa wani bututu siriri kamar gashin ido don ruwan ciki ya riƙa fita. Na ce wanne ya fi? Ta ce, "Baba, da mun sani ai da ba ma bincike." Kuma ba ita za ta zaɓa ba, ba ni ba, na'ura ce ke rabawa. Ta faɗi haɗarin kowanne, ba ta ɓoye ba.

Maman yara sai taka mini ƙafa take yi. A hanya ta ce, "Ido ɗaya gare ka, shi za ka bayar a yi gwaji?" Na ce to in zauna ina kallo ya ƙare? Na riga na amince.

A bencin asibiti na haɗu da wani tsohon mai aski, Dogo ake ce masa, shi ma yana cikin binciken. Nasa na hagu ne ya mutu. Wai in aka haɗa ni da shi za a tashi mutum guda mai lasisin tuƙi. Rabona da dariya har na manta.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na'ura ta raba. Ni tiyata, Dogo magani. Har tausayinsa na ji, ina ganin ni na dace.

Laraba, 5 ga Maris

Gobe ne. Na wuni ina kallon Maman yara tana guga. Ashe furfura ta fito mata haka a goshi. Ta ce lafiya kake kallona? Na ce ba komai.

Juma'a, 21 ga Maris

Jini ya taru a cikin idon bayan aikin. Sun sake shiga da ni sun wanke. Yanzu komai kamar gilashin mota cikin ruwan sama, ba abin sharewa. Da alƙalamin rubutu a kwali nake wannan, hancina na taɓa takarda. Kalma uku ta cika layi.

Sun ce in yi haƙuri, zai iya washewa.

Talata, 8 ga Afrilu

Bai washe ba.

Likita ta sallami ɗalibanta, ta ja kujera kusa da ni. Ta ce jijiyar ta ƙara lalacewa, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na ce mutum nawa haka ta samu? Ta ce kaɗan ne ƙwarai, yawancin waɗanda aka yi wa sun samu sauƙi. Na ce to ni ne kaɗan ɗin ke nan. Ban ga fuskarta ba, amma muryarta ta sauya. Ta ce an kai rahoton abin da ya same ni, za a gyara yadda ake aikin saboda na baya. Na ce na baya ba su za su ja ni zuwa banɗaki ba.

Na ce a cire ni, na fita daga bincikensu. Ta ce haƙƙina ne. Na so ta yi gardama in samu wanda zan yi wa ihu. Ba ta yi ba.

Maman yara ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Dogo ya zo. Nasa idon ya tsaya cak, maganin ya karɓe shi. Sai da na matsa ya faɗa, kamar wanda ya yi sata. Ko wasa ɗaya bai yi ba. Ya ciro injinsa ya yi mini aski a tsakar ɗaki, ya gama, ya ɗauko madubi saboda sabo, sai ya mayar da shi jaka a hankali.

Ba na yi masa baƙin ciki. Ina ganin ba na yi.

Litinin, 19 ga Mayu

Na yi wa labule sannu da aiki, na zaci Maman yara ce. Ba wanda ya yi dariya a gidan.

Laraba, 4 ga Yuni

Likita ta kira, na ƙi karɓa, Maman yara ta karɓa. Wai ciwon yana bin jini, a kawo yaran a auna su. Ƙananan sun ce to. Babban ya ce shi idonsa garau, ba shi da lokacin zaman benci, ga aiki a gareji. "Abba, ni fa ba abin da ke damuna." Maganar da na yi ta yi ke nan shekara da shekaru, har muryar iri ɗaya. Ban san sanda na miƙe ba, na ture kofin shayi, na ce ko da ja ne sai ka je. Ya ce asibitin da suka yi maka haka? Na ce ni zan kai ka.

Makaho zai kai mai ido asibiti. Allah Ya kyauta.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ƙananan lafiya lau. Babban, idanunsa duka biyun sun hau. Amma likita ta ce jijiyar ba ta taɓu ba tukuna, da magani zai iya tsufa da ganinsa. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Yaron ya kama hannuna, tafinsa duk gumi, rabon da ya riƙe ni haka tun yana firamare.

Za mu fita ta ce, "Baba, tunda ka zo, in duba naka?" Ƙafata ce ta gaji, shi ya sa na zauna. Ta auna, ta rubuta. Ta tambaya ko ta haɗa sakamakon da na binciken. Na ce ta yi yadda ta ga dama, ni ba abin da zai ƙara mini.

Ta ce in dawo wata mai zuwa. Ban ce to ba.

A bakin titi dai na tambayi Maman yara wace rana ce ma ta faɗa.