Kazar Baba a Kan Takarda

Illela, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Zalika,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan lafiya lau, kaina ne kawai ya ɗau zafi.

Kin san abin da ke cin ran Baba tun da idonsa ya yi rauni: taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta, da yake lissafin damina da su. Shekara huɗu rabonsa da ganinsu. Ni kuma da saurin bakina na yi masa alkawarin kawo masa su har gida Bazaga. Na ari madubin hangen nesa na lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, na ɗauki hoton, ya yi kyau har na so yi wa kaina kirari.

Wurin bugawa aka yi ta. Hoton ɗigo miliyan talatin ne, kwamfutar buro, wato ofishinmu, kuwa ƙwaƙwalwarta ba ta fi cikin cokali ba. Ina dannawa ta ƙame kamar jakin da kaya suka yi wa yawa. Na rage ɗigon don ta iya ɗauka, sai taurarin suka fito da kusurwa huɗu kamar sukarin kwali.

Na kai wa Sahiya mai shagon hoto, tunda kwamfutarta ta fi ƙarfi. Baiwar Allah ta saba goge ƙurajen fuskar amare. Ta ga farin ɗigo ko'ina, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta share, ta miƙo mini baƙar takarda sharkaf da tawada tana jiran godiya. Baƙar tawadarta ma saura kaɗan.

Jumma'a zan je gida, kuma wallahi kunyar Baba nake ji. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Wada

Illela, ranar Lahadi

Yaya Zalika,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Addu'arki ta ci. Na raba hoton gida huɗu don ƙwaƙwalwar ta ɗauka a hankali. Saboda ƙarancin tawada na juya shi, sama ta zama fara, taurari baƙaƙe. Muka buga, muka liƙe, Sahiya kuma na hana ta taɓa komai.

Da na isa gida ranar Jumma'a, Baba ya fita da takardar tsakar gida cikin rana, ya kai ta dab da hanci. Ashe baƙi a kan fari ya fi masa sauƙin gani. Ya gane manyan nan take, shidan da ya sani tun yana kiwon awaki. Sai ya ci gaba da ƙirga ƙananan da ido bai taɓa nuna masa ba, ya wuce ɗari, ya tsaya. Na zaci zai ce ƙarya na kawo masa.

Ya share ido da hannun riga ya ce, "Wada, ashe da na daina lura da ita, ƙyanƙyasa ta yi ta yi."

Na yi dariya har da hawaye, Yaya, kuma ban gyara masa ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Wada