Ragunan Layinmu da Irin Gawo

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau Dakta Lawal, malamin da ke duba bincikena, ya ce tumakin da muka sa rai za a ba mu ba za su samu ba sai bayan damina. Na shiga uku. Ƙwayar gawo taurin kai ne da ita, in aka shuka ta haka nan sai ta yi ta kwana a ƙasa ba ta tsiro ba. Aikina na digiri na biyu shi ne gwada hanyoyin da ke sa ta tsiro da wuri: ruwan zafi, asid, da kuma wadda dabba ta ci ta fito a kashinta. Biyun farko suna nan a ɗakin gwajinmu na wajen Mando. Ta ukun ce ba dabba.

Kuma dole in gama a bana. Kawu Sadiq ya samo mini gurbi a ofishinsu na Abuja, a Janairu za a fara aiki, amma sai da digirin a hannu. Ni dai in rabu da karatun dajin nan, in sa takalmi mai tsini in zauna ƙarƙashin iyakwandishan kamar kowa.

Da na dawo gida, ina turo ƙofa muka haɗa ido da ragon layyar Baba a turke. Na daɗe ina kallonsa. Shi ma bai ɗauke kai ba.

Talata, 6 ga Mayu

Na ce, "Baba, aron ragonka nake so." Da na yi bayani ya yi dariya har da tari. Wai duk shekarun da ya yi yana aikin gwamnati bai taɓa ganin wanda ya nemi abin da ke fitowa ta bayan rago ba. Ya yarda, da sharaɗin kada ragon ya rame. Umma kuwa daga kicin ta ɗaga murya: "Nafisat, kada in ga rariyar tuwona a wurin nan!"

Na sayo tawa rariyar a kasuwar Kawo.

Laraba, 7 ga Mayu

Dakta: "Rago ɗaya ba bincike ba ne, hira ce. Ki nemo uku." Ga shi Babbar Sallah farkon Yuni ce. Bayan ranar ba sauran rago a Unguwar Dosa sai a tukunya.

Asabar, 10 ga Mayu

Wayyo Baba! Na ce ya yi mini magana a asirce da mutum biyu. Shi kuwa bayan sallar asuba, a ƙofar masallaci, ya tsaya ya yi wa jama'a jawabi. Yanzu duk layinmu an san 'yar Malam Yusha'u na neman kashin tumaki. Na fita sayen burodi da mayafi rufe da rabin fuskata.

Amma an samu. Malam Bello tela ya ba da nasa. Sai Inna Yalwa, tsohuwar da ke gidan ƙarshe, wadda ɗanta ya aiko mata da wani farin rago daga Zariya. Tana ji da ragon nan kamar jika. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, in dai karatu ne, ki zo ki kwashe har na gobe."

Talata, 13 ga Mayu

Tsarin aikin ke nan. Da yamma in kai wa kowane gida kwanon 'ya'yan gawo. Da safe in zaga da bokiti uku, kowanne da sunan mai ragon a jiki, in kwashe abin da ya zuba a kan buhun da na shimfiɗa. In jiƙa, in murje a rariya, in tsince. Safar hannu biyu nake sawa, duk da haka ban iya cin abinci da hannu ba yau.

Ba komai tukuna.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ta fito! Ƙwaya ɗaya, ja-ja, tana sheƙi a tsakiyar rariya, lafiyarta ƙalau. Na kurma ihu har Umma ta fito da muciya tana zaton kunama ce. Ta leƙa ta ce, "A kan wannan abar kike neman tsinka mini zuciya?" Amma ta sa tabarau ta ƙara dubawa.

Ragon Baba ne ya fara. Baba ya ɗauki hula ya fita. Na san shagon Malam Bello ya nufa.

Litinin, 19 ga Mayu

Abin ya zama gasa. Kullum sai na tarar da Baba da Malam Bello a benci suna jiran sakamako. Yau na Malam Bello ya fi yawa, ya ce ai dama ragonsa mai ladabi ne, ba ya tauna amanar mutane. Baba ya ce nasa haƙora ne da shi na gaske, ba irin na wasu ba. Gaskiyar ita ce yawancin ƙwayar a wurin tuƙa suke niƙe ta, kaɗan ce ke tsira. Na yi musu wannan bayanin, ba wanda ya saurare ni.

Abin da ke damuna bokitin Inna Yalwa. Ko ɗaya.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ruwan sama ya wanke mini kashin ragon Malam Bello tas. Ya yanko tsohon tamfol ya ɗinka wa ragon rumfa, har da kalmasa a baki. Kai, mutumin nan!

Na Inna har yanzu shiru. Kuma kwanon kullum a lashe nake samunsa.

Litinin, 26 ga Mayu

Yau na gano. Na kai wa Inna kwanon da wuri, na manta wayata a kan tabarmarta, na koma. Tun daga zaure na jiyo daka. Ina shiga na ga Inna Yalwa a tsaye kan turmi, ta zuba 'ya'yan gawona tana kirɓawa da ƙarfinta, ga dusa da kanwa a gefe.

Na ce, "Inna, me kike yi?"

Ta ce, "Yo abin nan da tauri kamar tsakuwa, sai ya karya mini haƙorin rago? Ai tun ranar farko nake daka masa. Kin ga yadda yake cinyewa kuwa?"

Na zauna a bakin rijiya. Kuka ya zo, dariya ta riga shi. Mako biyu baiwar Allah tana tashi da ciwon kafaɗa don ta taimaki karatuna. Da na fahimtar da ita cewa ƙwayar nake nema da ranta, ta saki taɓarya ta dafe ƙirji: "La'ilaha illallahu! Ashe ni ce na kashe miki digiri?" Sai ga ni ina rarrashinta.

A hanya dariyar ta ƙare. In ba rago na uku, Dakta ba zai karɓa ba, kuma Abuja ta tafi.

Laraba, 28 ga Mayu

Ragon Inna ya ƙi cin wanda ba a daka ba. Ya shinshina, ya kalle ni, ya juya mini baya. An sangarta shi.

Litinin, 2 ga Yuni

Inna ta janye masa dusa da harawa na yini guda, tana yi tana ba shi haƙuri da baki. Jiya ya sauko ya ci, yau ma ya ci sosai. Amma abin yana ɗaukar kwanaki kafin ya ratsa ciki, kuma Juma'a Sallah.

Alhamis, 5 ga Yuni

Jajibiri. Abin da na samu daga gidan Inna bai cika tafin hannu ba. Ina zaune jugum da azumin Arfa a baki, Umma ta fito da manyan robobin wanke kayan ciki tana jerawa. Sai abin ya faɗo mini: ai sauran ƙwayar tana cikin ragon! Gobe kuma buɗe shi za a yi.

Nan take na kira Dakta. Ya ce, "Ki ɗiba. Amma na tumbi daban, na hanji daban, kada ki kuskura ki haɗa da wadda ta riga ta fito. Kuma ki yi wa duka ukun haka." Har ya ce abin zai fi wanda muka tsara armashi.

Na ce wa Umma bana ni zan wanke kayan ciki. Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake yi. Duk Sallah ni ce mai ɓuya a ɗaki da ciwon kan ƙarya.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. Daga Idi na cire leshi na ɗaura tsohon zanen Umma. Da Baba ya kwantar da ragonmu sai na kasa kallo, na shige kicin. Wata guda muna gaisawa kullum da safe.

Daga nan ban ƙara zama ba. Gida uku, tumbi uku, hanji kuwa kamar ba zai ƙare ba. A gidan Inna Malam Bello ne ya yanka ya feɗe, ya miƙo mini tumbin da hannu biyu yana cewa, "Ga amanarki, Malama." Ina tsagawa na juye a rariya, na zuba ruwa. Ikon Allah! Ƙwaya ce birjik, wasu har sun kumbura sun yi taushi. Inna ta rangaɗa guɗa. Matan maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu, suka ƙare a tsugune suna taya ni tsinta da lallensu da awarwaronsu. Wata na cewa ga guda nan, wata na cewa ke matsa, wannan tawa ce.

Inna ta cika mini kwano da soyayyar hanta. Na ci da hannu, ban ma tuna ba sai da na gama.

Talata, 10 ga Yuni

Na shuka duka a wurin renon itatuwa na kwaleji, kowane kashi a layinsa. Har da wadda ba a yi wa komai ba, don kwatance. Saura jira.

Laraba, 18 ga Yuni

Na asid sun fito reras, na ruwan zafi na biye. Layukan raguna ƙasa ce kawai. Baba ya daina tambaya, wannan ya fi tambayar ciwo.

Litinin, 23 ga Yuni

Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Sun fasa ƙasa, gida ukun duka. Na durƙusa a cikin taɓo ina kallon wani ɗan tsiro da ya ɗago da ɓawon ƙwayar a kansa kamar hula. Na ɗauki hoto na kai wa Inna. Ta riƙe wayar nesa da ido ta ce, "Wannan na ragona ne? Allah sarki, ashe ya bar baya."

Abin mamaki, a layin Inna na hanji sun riga na tumbi fitowa, a na Baba kuma ba haka ba. Me ya sa? Daɗewa a ciki ne, ko kanwar da ta saba ba shi? Na wuni ina juya abin, har na wuce mahaɗarmu a cikin Keke Napep ban sani ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Dakta ya duba alƙaluman jiya. Ya ce sun isa, in fara rubutu, zan kare aikin kafin Nuwamba in sha Allahu. Shi ke nan, na tsira.

Kawu Sadiq ya kira da safe yana murna, ya ce in fara shirin Janairu, har ya yi mini maganar ɗaki a gidan wata 'yar'uwarmu. Na yi godiya sosai. Da gaske na gode.

Da la'asar na bi ta shagon Malam Bello karɓar ɗinkin Umma, na ga akuyarsa a ɗaure a gindin rumfar tamfol ɗin nan. An ce tuƙar akuya ba irin ta tunkiya ba ce, kuma ban ga wanda ya gwada da gawon yankin nan ba. Sabbin 'ya'ya kuwa sai wajen Fabrairu suke zuba. Na tambaye shi ko zai ba ni aronta lokacin.

Ya tsayar da keken ɗinkin ya ce, "Fabrairu? Ba Abuja za ki ba?"

Na ce tambaya ce kawai. Ya ce to, ba zai sayar da ita ba.

Ban ce masa ya sayar ba.