Turaren Wuta a Ɗakin Usman

Alhamis da dare, Umdurman

Yau Ustaz Haruna, abokin marigayi mijina Usman tun suna makarantar zane, ya zo ganin zane-zanen da Usman ya bari. Ya daɗe tsaye gaban babban nan na matan kasuwa, wanda har gobe ban gane dalilin yi musu shuɗiyar fuska ba. Can ya juyo ya ce, "Hajiya, wa ke sa bahur a ɗakin nan?"

Na ce ni ce ke kunna turaren wutar, kullum bayan magariba, yadda Usman ke so.

"Wallahi hayaƙin ne ke cinye launin. Nan fa fari ne fat ranar da ya gama shi."

Haushi ya kama ni, ko shayi ban ƙara masa ba. Shekara uku ba wanda ya leƙo, sai yau a ce ni ke ɓata su?

Amma da ya tafi na goga bakin mayafina a katakon zanen, ya fito baƙi ƙirin.

Yau ban hura gawayi ba. Na buɗe taga, na zauna kusa da zanen ni kaɗai. Ashe akwai sauran ƙanshin man fenti, irin na rigunansa. Duk shekarun nan ni ce nake rufe shi da hayaƙi.