Butar da Ba Ta Zuba Ruwa

Zuwa ga matata Ruyin,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya kuma ke da wahalar jinya? Nan matoyar tukwane lafiya lau, sai kewarki da ta hana ni sakat.

Jiya muka kwashe kayan da muka gasa. Kayan sun fito kore shar kamar ruwan tafkin Shanglin bayan ruwan sama. Har da butar nan mai kan zakara da na ƙera miki, na zana furen bado a kafaɗarta. Amma kin san abin haushi? Bakin zakaran a toshe ya fito! Ni da na huda shi da tsinke da hannuna. Tsoho Gu mai hura wuta har da tsokana: "Fan, tsufa ya zo ke nan, ka yi wa mai rai butar kabari?" Na ce ya rufe min baki. Wa bai san butar matattu kaɗai ake bari ba huda ba? Ruwan tokar da muke shafawa ne ya malala ya liƙe, shi ke nan. Zan sake wata.

Mijinki,
Fan Shou

Ruyin,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Shiru har yau, ko layi ɗaya? 'Yan kwalekwale sun ce zazzaɓi ya shiga garinku Kwaiji, gida-gida.

Ban fasa waccan ba, na ajiye ta. Wannan karon biyu na yi, taki da tawa. Na huda, na goge bakin tas, na bar tsinke a ciki don wuta ta cinye shi ta bar hanya. A gashin akwai butoci sittin, da tasoshi masu siffar kwaɗi da tsuntsaye, duk sun fito lafiya. Namu biyun ne kawai a toshe, sumul, ko alamar rami babu. Tsoho Gu ya jujjuya su a rana, ya miƙo min, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka aika a dubo matarka."

Tsoro nake ji, Ruyin. Ki rubuto, ko zagi ne.

Fan Shou

Ruyin tawa,

Ban san yadda ake gaishe ki yanzu ba. Yayanki ya zo da safe, da wasiƙu biyun da na aiko miki a hannu, ba a buɗe ba. Ya ce ranar da muka kwashe gashin farko kika cika. Ashe wuta ta riga ni ji.

Na ba shi butarki a sa miki kusa da kai. Wannan takardar kuwa ƙona ta zan yi, don ta iske ki.

Tawa tana nan a kan tebur. Kwana biyu ke nan jikina zafi, shi ya sa rubutun ya karkace. Na gaya wa Tsoho Gu inda zai kai ta. Kada ki yi nisa.

Mijinki,
Fan Shou