Hantar Layyar Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya yara, ya sanyin Jos? Mu nan gida sai godiya.

Ciwon sukarin Baba ya taɓa hantarsa. Likita ya latsa cikinsa, ya ce kitse ya lulluɓe ta, ya hana shi maiƙo.

Ka tuna ranar Layya, ba ya cin komai sai ya gasa hantar rago naɗe da kitse, muna kewaye da shi muna haɗiyar yawu? Bana ma ya gasa, ya raba mana, ko yanka ɗaya bai kai baki ba. Kasonka ya ajiye a kwano.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida kowa. Ka zo, Yaya, tun yana iya hura wutar da kansa.

Ƙanwarka,
Asabe